Kalangun Baba a Faifan Turawa

Mahaifina makaɗi ne. Da wannan na fara saboda a gidanmu ba a faɗa, kuma sai da na haye hamsin kafin na iya rubutawa ba tare da na waiga ba. Kalangu yake kaɗawa, irin na mahauta, ya gada a wurin ubansa, shi ma uban ya gada a wurin nasa. Sanda na yi wayo ya riga ya ajiye. Ya je Makka ya dawo, ya kafa keken ɗinki a zaurenmu a Kano, duk unguwa Alhaji tela ake ce masa. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yansa, ni da yayana, shekara goma sha ɗaya a tsakaninmu. Ni ce auta, kuma ni kaɗai ya taɓa kunna wa faifan.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Innarmu ta tafi suna, Yaya yana jami'a. Baba ya aro garmaho a wurin wani malamin firamare maƙwabcinmu, ya tura ƙofar zaure, ya ciro wani faifai daga ƙasan akwatinsa na ƙarfe. A bayan kwalin akwai hoton Turawa huɗu, gashi har kafaɗa, sun tsaya a bakin teku kamar an yi musu rasuwa. Ya ɗora allura ya ce in zauna in yi shiru.

Kai, na sha wuya! Ni na saba da waƙar da za ka ji amshi ka kama. Wannan kuwa ba amshi, ba kan gado. Ogan irin na coci ya yi ta gurnani, sarewa ta shigo ta fita, mai waƙa ya yi 'yan baituka da siririyar murya ya ɓace, jita ta kama kururuwa. Da ka ce ga inda aka dosa sai su karya kwana. Waƙa ɗaya ce tal ta cinye fuskar faifan gaba ɗaya. Na fara mutsu-mutsu, Baba ya ɗaga min yatsa. Can wajen tsakiya komai ya lafa, sai ga kalangu. Shi kaɗai da farko, a hankali, daga nan ya buɗe baki ya fara magana, Turawan suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Na dubi Baba. Hammatarsa ta hagu tana matsewa tana saki, ba komai a ciki, shi bai ma san tana yi ba.

"Baba, wa yake kaɗawa?"

"Wani ne," ya ce. Sai da kiɗan ya ƙare ya ɗage allura sannan ya ce, "Ni ne, Auta. Kada ki gaya wa uwarki na kunna."

Sauran labarin a gutsattsare ya ba ni, cikin shekaru, yawanci yana kan keke ina zare masa zare. Yaya yana ƙarami aka kwashi Baba da wata tawagar makaɗa da 'yan rawa zuwa Ingila, nuna al'adu. Tawaga ta dawo, shi ya maƙale, ya kama wanke-wanke a wani gidan abinci. Ɗakin da yake haya yana jikin wata rumfa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda samarin nan huɗu suke gwajin kiɗansu. Wata biyu yana jin su ta bango. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya je ya ƙwanƙwasa musu, da ɗan Turancinsa da bai taka kara ya karya ba, ya ce mai gangarsu yana jan ƙafa. Maimakon su kore shi sai mai ogan ɗin, wanda shi ne shugabansu, ya ce to ya nuna musu. Ya koma ɗaki ya ɗauko kalangu.

Baba ya ce bai taɓa ganin masu wahalar da kansu a kan kiɗa irinsu ba. Ƙirgawa suke yi. Mai ogan zai tsaya yana ƙirga bugu da yatsu, bakwai nan, biyar can, ya rubuta a takarda ya manna a bango. "Ni kuwa ban ƙirga ba ko sau ɗaya," in ji Baba. "Inda za su sa ƙafa nake ji, in riga su isa." Shekara ɗaya da rabi ya yi da su, suna yawo a wata tsohuwar mota daga wannan gari zuwa wancan, suna wasa a ɗakunan taron ɗalibai, wata rana ma masu shara sun fi masu kallo yawa. Da za su ɗauki faifansu na biyu suka tafi da shi. Bayan nan wasiƙa ta same shi cewa kakanmu ba lafiya, ya tattara ya dawo gida. Faifan ta gidan waya ya biyo shi.

Da Turancina ya yi ƙwari na koma kan kwalin nan na bi shi layi-layi. Ga sunan mai ogan, ga na mai waƙa da sarewa, ga mai jita, ga mai ganga. Har wanda ya ɗauki hoto an sa sunansa, har matar da ta zana furen da ke gaban kwalin. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka rubuta gangar Afirka. Shi ke nan, ba suna. Na tambayi Baba, ya yi dariya ya ce aikin kamfani ne, wai takardun zamansa ba su cika ba, ba sa son tashin hankali. Shi ya yi dariya, ni ban yi ba. Tun ranar abin ya tsaya min a rai, ina so in ga sunan ubana a jikin aikin da ya yi.

Yaya ne ya kawo ni nan New York, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya nemo min makarantar koyon aikin jinya, a gidansa na zauna har na yi aure, na samu aiki a wani asibiti a Bronx muka kama gida kusa da Fordham Road. Shi yana St. George a tsallaken ruwa da iyalinsa, kullum ya hau jirgin fito zuwa ofishinsa a Manhattan. Babban mutum ne, in ana taron 'yan Arewa shi ake ba kujerar gaba, shi ake ce wa ya rufe da addu'a. Da Baba ya rasu muka je Kano, Yaya ya ɗauki Alƙur'aninsa da carbi, ni na ɗauki faifan da wasu hotuna uku da na tarar a cikin kwalin. Ba wanda ya yi min gardama don ba wanda ya kula.

'Yan shekarun baya, ina hutun cin abinci a wurin aiki, na rubuta sunan ƙungiyar a wayata don kawai in gani. Ashe suna da mutane! Ba yawa, amma masu naci. Tsofaffin Turawa ne da wasu matasa masu tara tsofaffin faya-fayi, suna ta musu a kan wace ƙungiya aka fi yi wa rashin adalci a cikin masu irin wannan dogon kiɗa na Ingila. A nan na karanta ƙarshen labarin da Baba bai sani ba. Faifan farko bai yi kasuwa ba. Na biyu, namu ke nan, 'yan jarida sun yaba, jama'a ba su saya ba. A na uku kamfani ya matsa musu su yi gajerun waƙoƙi irin na rediyo, suka yi, suka rasa tsofaffin masoya kuma ba su samu sababbi ba. Daga nan yayi ya juya, samari suka koma son kiɗa mai zafi na minti uku, aka daina ɗaga musu waya. Mai ganga ya koma tuƙin motar kaya. Mai jita ya rasu da ƙuruciya. Mai waƙa ya zama malamin makaranta, ya ce kada a ƙara tayar masa da maganar. Mai ogan ya ƙare yana bin gidaje da coci-coci yana gyaran piyano.

Kuma kusan duk wanda ya yi rubutu a kan faifai na biyu sai ya tambaya, wai wane ne mai gangar nan? Wannan ya ce ɗan Ghana ne, wancan ya rantse ɗan Senegal ne, wani ma ya ce mai gangarsu ne ya aro wata 'yar ganga a kasuwa. A kasuwa! Na zauna ina karantawa raina yana tafasa, har shayina ya huce ban kurɓa ba.

Ta hannun ɗaya daga cikin masoyan nan na samu imel ɗin mai ogan. Na rubuta masa layi biyar, na ce ni 'yar mai kalangu ce. Kwana biyu sai ga amsa, doguwa. Ya tuna Baba tsaf. Ya tuna ba ya cin komai a hanya sai burodi da kifin gwangwani don tsoron naman alade. Ya tuna yakan sa a tsayar da mota ya sauka ya yi salla a gefen titi, su huɗu suna zaune suna jiransa ana yayyafi. Ya ce rashin sa sunan nan ya daɗe yana cin sa, ya ba ni haƙuri. Sannan ya ce wani ƙaramin kamfani zai sake buga faya-fayan uku a akwati ɗaya, da ɗan littafi na tarihin ƙungiyar, kuma wannan karon za a sa sunan Baba, da hotonsa, da labarinsa. A banɗakin ma'aikata na ƙarasa karantawa, don kada marasa lafiya su ga nas tana kuka.

Shekara biyu na yi a kan aikin nan. Na yi ta bugo waya Kano ina damun tsofaffi. Na samo wata gwaggon Baba a unguwar mahauta, kunne ya yi nauyi amma hankali garau, aka kara mata kiɗan a waya ta ce ai taken wani sarkin fawa ne na da can, ta fassara min abin da kalangun yake faɗa. Ka ga Turawan nan shekara da shekaru suna sauraron kirarin mahauci suna lumshe ido, ba su sani ba. Na rubuta shafi huɗu, mai ogan ya gyara min Turancin, na ƙi wasu gyare-gyaren, muka yi 'yar jayayya muka shirya. Na tura hotunan uku. A ɗaya Baba yana jingine da motarsu sanye da ƙatuwar rigar sanyi, kalangu a hammata, yana dariya haƙora duk a waje. Ni ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar a Kano ba.

Sai ya rage abu ɗaya. Kamfanin ya ce tunda mai sunan ya rasu, sai wani daga iyalinsa ya sa hannu a takardar amincewa. Mai ogan ya turo min, shafi ɗaya ce. Na buga ta a wurin aiki, na kawo gida, na shimfiɗa a teburin cin abinci, biro a hannuna. Wallahi na kasa. Ina da wa a raye, namiji, babba, gari ɗaya muke, sannan ni ƙanwa in sa hannu da sunan gidanmu? Mu ba haka aka raine mu ba. Ko ranar aurena ban tsayar ba sai da Yaya ya ce. Na rubuta wa mai ogan na ce tun rasuwar Baba yayana ne uban gida, shi ya kamata ya sa hannu, ga adireshinsa. Ya amsa ya ce ya gane sarai, don shi ma Baba sai da ya rubuta wa ubansa wasiƙa ya jira amsa kafin ya shiga motarsu. Har daɗi na ji, na ce ga Bature mai hankali.

Na kira Yaya na zayyana masa komai. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, Auta, sannu da ƙoƙari. Bari ta iso." Bayan wasu makonni muka haɗu a wani suna a Flatbush, na gaishe shi, na ce, "Yaya, takardar nan ta iso kuwa?" Ya ce ta iso, ya ma amsa musu. Na rusuna na yi godiya. Ban ce me ka ce musu ba, don ba a titsiye babba a gaban mutane, kuma ko a mafarki ban kawo akwai abin tambaya ba. Na dai lura wasiƙun mai ogan sun fara gajarcewa, sun koma gaisuwa da maganar sanyi. Na ɗauka tsufa ne da hidimar buga faifai.

Da akwatin ya fito aka gayyato mai ogan New York. Wani kantin tsofaffin faya-fayi a Brooklyn ya shirya masa zama ranar wata Asabar da rana, zai ɗan taɓa ogan ya sa wa mutane hannu. Na karɓi hutu. Na ciro leshina na Sallah, na kafa ɗauri, na fesa turare, na shiga jirgin ƙasa mutane suna kallona. A kantin kuwa ba ka ganin kowa sai masu furfura da baƙaƙen riguna, ni kaɗai ce kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ban damu ba. Na sayi akwatin, na shiga layi, na kasa haƙuri na yage ledar a tsaye.

Na buɗe littafin na bi shafi-shafi. Ga su suna 'yan makaranta a garinsu na bakin teku. Ga rumfar ƙarƙashin gada. Ga motar, amma ba hotona ba, wani ne daga nasu, kuma an datse gefensa, sai hannun wata rigar sanyi da ya rage a kan murfin motar. Shafi huɗuna babu. Na ce ƙila a ƙarshe aka sa. Na je ƙarshe, inda aka jera wanda ya kaɗa me. Aka rubuta gangar Afirka, sannan aka ƙara da cewa an sakaya sunan mai kiɗan bisa buƙatar iyalinsa.

Bisa buƙatar iyalinsa. Na karanta ya fi sau biyar. Ban san sanda na bar layi na isa gaban teburin mai ogan ba. Tsoho ne siriri, da na'urar ji a kunne. Yana ganin leshin ya gane ni, ya yunƙura zai miƙe. Ban bari ya yi magana ba. Na buga littafin a kan teburin, na ce masa da Turanci, da murya irin wadda nake kiran likita in mara lafiya ya faɗi, "Wane iyali? Ni ce iyalinsa! Shekara biyu kana yi min daɗin baki, sai ka ƙara binne shi karo na biyu?"

Bai yi gardama ba. Ya sunkuya ya jawo jakarsa, ya ciro wata takarda a ninke ya miƙo min. Wasiƙar Yaya ce. Turanci mai kyau, irin na ofis. Ya ce mahaifinmu ya bar wannan rayuwa ya tuba tun kafin ya rasu, iyali ba su yarda a sa sunansa ko hotonsa a wani abin kiɗa ba, kuma in aka sa zai nemi lauya. Ga sa hannunsa a ƙasa, irin wanda na sani tun a takardun makarantata.

"Sau biyu na rubuta masa ina roƙo," in ji tsohon. "Ya ce magana ce ta cikin gida, kuma kun riga kun tattauna da ke."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ke kika ce shi ne babba."

Na tambaye shi ko za a sake bugawa, in kawo takardar da hannuna yau ɗin nan. Ya girgiza kai. Ya ce 'yan kaɗan aka buga, kamfanin ya faɗa tun farko sau ɗaya ne, da ƙyar ma aka samu aka yi wannan. Ya ce shi kuma ya kusa tamanin, kuma cikin su huɗu ba wanda zai sake bin maganar in ya tafi. Bayan nan ya zauna ya kaɗa musu doguwar waƙar. Da ya zo inda kalangu yake shiga sai ya ɗage hannuwansa ya bar wurin shiru. Masu furfura suka yi ta gyaɗa kai, wai abin ya ratsa su. Ni haushi ya ƙara kama ni, don ba shiru na zo nema ba. Na fita kafin a tafa.

Kai tsaye na wuce bakin ruwa na hau jirgin fito, da leshina da komai. La'asar ta yi sanda na isa St. George. Matar Yaya ta buɗe min ƙofa, tana ganin fuskata ta ce bari ta duba tukunya. Yaya yana falo yana kallon labarai. Ban gaishe shi ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata. Na ajiye masa littafin a cinya a buɗe.

Ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya kashe talabijin. "Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba. Yaya, me na yi maka? Me Baba ya yi maka?"

Ya ce 'yarsa ta biyu an kawo gaisuwarta, na sani, kuma na san gidan da za ta shiga, gidan malamai ne na asali, masu bin diddigi har kaka da kakanni. Ya ce yanzu ba kamar da ba ne, suna kawai za a rubuta a waya komai ya fito. "So kike surukanta su buɗe su ga kakanta da kalangu a hammata, a tsakiyar Turawa masu gashin mata?"

Na ce sana'arsa ce, ba sata ya yi ba.

"Ke Alhaji tela kika tarar," ya ce, muryarsa ta fara hawa. "Ni na tarar da wanda yake bin mahauta kasuwa ana jefa masa tsoka a buhu. Kin san abin da ake kirana a makaranta? Ɗan maroƙi. Shekara biyar ban ji sunana a bakin 'yan ajinmu ba. Shi da kansa ya ga abin da ya gani ya ajiye. Ni ban cire masa komai ba, abin da ya rufe na bari a rufe."

"Ya ajiye kalangu, amma bai jefar da faifan ba. Shekara nawa yana ƙasan akwatinsa?"

Na ce to ko da hakan ne, me ya sa bai gaya min ba, ya bar ni ina rusuna masa ina godiya a gaban mutane, ya kuma yi wa tsohon mutane ƙarya cewa mun tattauna?

"Da na gaya miki, da kin koma kin sa hannun da kanki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi komai ƙona min rai. Ya san ni. Ya san ladabin da ya sa na miƙa masa takardar, da shi ɗin ya yi amfani ya yanke ni. Na ɗauki littafina na fita, matarsa tana biyo ni da kwanon abinci har bakin titi ban waiga ba. A jirgin dawowa na zauna a waje iska tana kaɗa min ɗauri, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ɗauki gawar Baba.

Wata biyu ban kira shi ba, shi ma bai kira ba. Na rantse ba zan je bikin ba. Amma yarinyar nan a bayana ta girma sanda nake gidansu, ita ba ruwanta, ba ta ma san an yi ba. Ta kira ni da Hausarta mai gutsure-gutsure rabi Turanci, ta ce Gwaggo in ba ki zo ba wa zai kama min hannu. Na je.

Wunin mata aka yi a wani ɗakin taro kusa da Fordham Road, ranar Lahadi da rana. Ina shiga me zan ji? Kalangu. Yaya ne ya ɗauko mai kiɗa, wani mutumin Zangon Ghana da ke tuƙa tasi sauran ranaku, da wata maroƙiya 'yar Nijar mai riƙe da makirufo. Wato a biya a kawo na wani ya halatta, namu ne abin kunya. Na zauna a kujerar da aka ware min a gaba, dab da amarya, dangin ango suna jere a ɗaya ɓangaren, uwar ango a tsakiyarsu da farin mayafi. Na ce a raina yau in dama ta samu sai na faɗa, kowa ya ji, duk abin da zai faru ya faru.

Damar kuwa da ƙafarta ta zo. In za a wasa amarya, maroƙa sukan nemi babba a dangin uba su tambayi asali, don su san kirarin da za su yi. A cikin mata ni kaɗai ce daga wajen uba. Maroƙiyar ta gama da dangin ango, malami ɗan malami jikan malami, guɗa tana tashi. Sannan ta tako har gabana ta durƙusa, mai kalangu ya sassauta hannu.

"Gwaggon amarya, ranki ya daɗe, a ba mu asali. Kakan amarya na wajen uba, wane ne shi, mece ce sana'arsa?"

Ta kara min makirufo a baki. Na faɗi sunan Baba, cikakke, na ji ya fita ta lasifika ya cika wurin. Saura sana'a. Uwar ango ta ɗan karkato kai tana saurare. Na juya, amarya ta ɗaga gefen mayafinta tana kallona tana murmushi, lalle har gwiwar hannu, tana jira ta ji an yabi kakanta.

Na ce, "Tela ne."

Maroƙiya ta miƙe ta rangaɗa guɗa, mai kalangu ya saki taken maɗinka. Hannunsa yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Mata suka ja ni tsakiyar fili na taka yadda gwaggon amarya take takawa, har aka yi min tafi.

Washegari da safe ina shirin fita aiki wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Matarsa ta ba shi labari. Ya ce, "Auta, Allah ya yi miki albarka, kin rufa mana asiri."

Na ce amin.